Jini, tsoka, agara da ƙashi: kowanne da lokacin da yake sabawa da atisaye

A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Jamhuriyar Nijar, a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki. A yau jihohi takwas ne ke turo ƴan kokowa goma-goma su nemi takobin da ake ba sarkin kokowa, kuma kafin ranar akan ware su na ƴan makonni, a ciyar da su, a yi musu horo safe da yamma. Me ƴan makonnin nan suke iya sauyawa a jikin mutum, me kuma ba za su iya ba komai yawan naman da aka ci? Tambayar ba ta ɗan kokowa kaɗai ba ce. Ta shafi saurayin da ke zagaya filin wasa na Seyni Kountché a Yamai da asuba don yana shirin shiga soja, da wanda ya zuba siminti a gwangwanaye biyu ya soka ƙarfe yana ɗagawa a zaure, da uwar gidan da likita ya ce ta riƙa tafiya saboda hawan jini.

Jiki ba ya sabawa gaba ɗaya. Ruwan jini yana ƙaruwa cikin kwanaki. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka suna ƙwarewa cikin makonni. Tsoka tana yin kauri cikin wata biyu zuwa uku. Agara da sauran jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da shi kansa ƙashin, sai an yi watanni da dama. Yawancin raunukan atisaye daga wannan tazara suke fitowa, domin sashen da ya riga ya shirya yana jan wanda bai shirya ba.

Wanda bai taɓa ɗaga nauyi ba, idan ya fara, cikin mako huɗu zai ga abin da yake ɗagawa ya ƙaru sosai, alhali in ya auna damtsensa da zare kusan yana nan yadda yake. Ƙarfin ba daga sabuwar tsoka ya fito ba. Kowace tsoka tarin zaruruwa ce dubbai, an kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da jijiya guda da ke fitowa daga laka tana ba ta umarni. In aikin mai sauƙi ne, kamar ɗaukar buta, ƙananan ƙungiyoyi ne kawai ke tashi, masu zaruruwan da ba sa saurin gajiya. Sai nauyi ya ƙaru sannan a kira manyan, masu ƙarfi da sauri amma masu gajiya da wuri. Elwood Henneman ne ya bayyana wannan tsari na kira daga ƙarami zuwa babba, a Amurka, a 1957. Sabon shiga bai iya kiran manyan duka ba, saƙon da ke isa gare su ba shi da sauri, kuma tsokar da ke kishiyantar motsin takan ɗaure a lokaci guda ta cinye masa ƙarfi. Waɗannan ne atisayen farko yake gyarawa. Shi ya sa ƙarfin farko yake manne da motsin da aka koya. Wanda ya ƙware a tsugunno da ƙarfe a kafaɗa ba lalle ya iya cira abokin karawa daga yashi ba, sai ya maimaita cirar ita kanta, da mutum mai motsi da turjiya.

Kauri daga baya yake zuwa. Idan zaren tsoka ya ja nauyi mai tsanani har kusa da gazawa, yakan ƙera furotin fiye da yadda yake rushe shi, kuma wannan ƙari yana ɗaukar awa 24 zuwa 48 bayan an ajiye ƙarfe. Ribar zama ɗaya ƴar mitsitsiya ce, tarinta ne ido ke gani bayan mako shida zuwa goma. Kumburin da ake gani a madubi da an gama ɗagawa jini ne da ruwa, kafin dare ya sace. A gefen kowane zare kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a kwance, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961. In aiki ya yi tsanani sukan farka, su yawaita, su haɗe da zaren don gyara shi da ƙara masa girma.

Mai neman kauri ya taɓa kowace babbar tsoka sau biyu a mako, jimillar zubi 10 ko sama da haka a mako (zubi shi ne ɗagawa a jere ba hutu), ɗagawa 6 zuwa 12 a kowane zubi, da nauyin da in ya ajiye bai fi ɗagawa ɗaya ko biyu suka rage masa ba. Nauyi marar yawa ma yana ginawa, har zuwa ɗagawa 25 ko 30, muddin an kai kusa da gazawa, wanda hakan sauƙi ne ga marar kuɗin shiga ɗakin atisaye. Mai neman ƙarfi tsantsa kuwa yana bukatar kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da yake iya ɗagawa sau ɗaya tak, ɗagawa 3 zuwa 5, da hutun minti uku tsakanin zubi. Samari suna ganin wannan hutu lalaci ne. Ba haka ba ne. Makamashin gaggawa da ke ajiye cikin tsoka bai wuce na daƙiƙa goma ba, kuma yana ɗaukar kusan minti uku kafin ya sake cika, don haka wanda ya koma da wuri zai ɗaga ƙasa da abin da zai iya, ribar ta ragu. Aibin gwangwanin siminti kuma shi ne nauyinsa ba ya motsi. Ranar da mutum ya iya ɗaga shi sau 30 ba wahala, jiki ba shi da sauran dalilin sauyawa. Buhun yashi ya fi shi, domin ana iya ƙara kilo ɗaya ko biyu duk lokacin da ɗagawar ta yi sauƙi.

Tsamin jikin da ke tsananta a rana ta biyu ba daga sinadarin laktat yake ba, kamar yadda ake yawan faɗa, domin shi yana barin jini cikin kusan awa ɗaya. Ƙananan yagewa ne da kumburi, kuma motsin saukewa ne ya fi jawo su: sauke nauyi a hankali, ko gangarowa da gudu daga tudun yashi. In an maimaita aikin bayan mako, tsamin yana raguwa ƙwarai. Rashinsa ba ya nufin atisayen bai yi amfani ba.

Agara jini kaɗan ne ke ratsa ta, kuma zaren da aka yi ta da shi ba ya saurin sabuntawa. Taurinta yana fara ƙaruwa ne bayan wata biyu zuwa uku na nauyi mai tsanani da ake ɗagawa a hankali. Ƙashi ya fi ta jinkiri. Tun 1892 Julius Wolff na Jamus ya rubuta cewa ƙashi yana sake siffarsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, amma yadda yake yin hakan shi ne abin lura: wasu ƙwayoyi ne ke fara cinye tsohon ƙashin da ya gaji, aikin ƴan makonni, sannan wasu su zo su cike gurbin, aikin wata uku zuwa huɗu. A tsakanin nan ƙashin ya fi yadda yake da farko rauni. Magini ba ya ɗora sabon sahun laka sai na ƙasa ya sha iska, in ya yi gaggawa katangar za ta tsage. To, a daidai wannan lokaci ne, mako na uku zuwa na takwas, sabon mai gudu yake jin numfashinsa ya buɗe, ƙafa ta yi sauƙi, sai ya ninka nisa. Daga nan ake samun tsagewar ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa, abin da aka daɗe da sani a wurin sababbin sojoji a ko'ina cikin duniya. Alamarsa ciwo a wuri ɗaya da za a iya nunawa da yatsa, wanda ba ya lafawa in jiki ya ɗumama, yana tsananta in an yi tsalle da ƙafa ɗaya. Hoton ƙashi ba lalle ya nuna komai ba a mako biyu ko uku na farko, saboda haka kada a ce ai hoto bai nuna ba a koma gudu. Maganinsa dakatar da gudu mako shida zuwa takwas, a maye gurbinsa da keke. Riga-kafinsa kuwa ƙari kaɗan-kaɗan: mako uku ana hawa, na huɗu a rage kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma kada a ƙara nisa da sauri duka a mako ɗaya. Yashi yana rage dukan da ƙashi ke sha fiye da kwalta, amma yana matsa wa agara da sha-raɓa, don haka a riƙa sassauyawa.

Juriya kuma wani tafarki ne. Abin da ke fara sauyawa ruwan jini ne, wanda ke iya ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 ko fiye a mako ɗaya zuwa biyu na farko. Jini mai yawa na komawa zuciya, ita kuma tana tura mai yawa a kowane bugu. Da tafiya ta yi nisa ɗakin zuciya na hagu yakan ƙara faɗi. A zaune, zuciya tana tura kusan lita 5 a minti ko ga wa. Bambancin shi ne, marar atisaye yana bukatar bugu 70 ko fiye don ya yi hakan, gogaggen ɗan tsere kuwa 45 ko 50 sun ishe shi. A ƙololuwar aiki marar atisaye yana tsayawa wajen lita 20, manyan ƴan tsere na duniya suna kai 35. Huhu, wanda kowa ke ɗora wa laifi idan haki ya kama shi, ba ya sauyawa sosai, kuma a jikin mai lafiya ba shi ke fara gazawa ba.

Sauran aikin cikin tsoka yake. Ƙananan hanyoyin jini suna yawaita a kewayen kowane zare, kuma mitokondiriya, wato sassan ƙwayar da ke ƙona abinci da iskar oksijin, suna ƙaruwa. John Holloszy ya nuna hakan a 1967 da ɓerayen da ya sa gudu na tsawon makonni, inda sinadaran ƙonawar suka kusan ninkawa. Amfanin wannan ga mai gudu shi ne yana ƙona kitse da yawa, yana tattalin sukarin da ke ajiye, wanda bai wuce giram 400 a tsoka da giram 100 a hanta ba, abin da gudu mai ƙarfi zai iya cinyewa cikin awa ɗaya da rabi. Iyakar oksijin da saurayi marar atisaye ke iya amfani da shi tana wajen mililita 40 zuwa 45 a kowane kilo na nauyinsa a minti, zakarun tsere suna haura 70. Atisaye na wasu watanni yakan ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Amma ba kowa ba. A wani babban bincike da aka yi kan iyalai a Amurka da Kanada a shekarun 1990, an ba mutane horo iri ɗaya na mako 20, wasu suka ƙaru ƙwarai, wasu da ƙyar suka motsa, kuma kusan rabin bambancin gado ne. Mai horarwa da ya san wannan ba zai kira yaro malalaci don abokinsa ya wuce shi ba, zai sauya masa irin aikin ko yawansa.

Kuskuren da ya fi yawa a bakin filin wasa shi ne kowane gudu a mai da shi tsere. Manyan ƴan tsere suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na gudunsu a hankali, a saurin da mutum zai iya hira da na kusa da shi ba tare da yanke magana ba. Ragowar ne mai tsanani, misali minti huɗu da ƙarfi, minti uku a hankali, sau huɗu, ba fiye da sau biyu a mako ba. Ga wanda lafiya kawai yake nema, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da aikin ƙarfi kwana biyu.

Ɗan kokowa ƙarfi da juriya duka biyun yake so. Cira da kayarwa na makamashin daƙiƙa goma ne, amma abin da ke sake cika shi tsakanin yunƙuri da yunƙuri oksijin ne. Shi ya sa ƙato marar juriya, in karawa ta ja, hannunsa kan saki. Sai dai haɗa su yana da tarko. A 1980 Robert Hickson ya sa wasu mutane ɗaga ƙarfe kaɗai, wasu gudu da keke kaɗai, wasu duka biyun, na mako goma. Masu haɗawa sun ƙaru a ƙarfi daidai da masu ƙarfe har wajen mako na bakwai, daga nan suka tsaya, sannan suka fara komawa baya. Nasa horon ya yi tsanani ƙwarai, kusan kullum, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ana iya kauce wa matsalar: a raba zaman biyu da aƙalla awa shida, in dole a zama ɗaya ne a fara da ƙarfe, kuma a bar dogon gudu a sau biyu ko uku a mako. Saboda haka sansanin mako uku yana iya ƙara ruwan jini, ya cika tsoka da sukari, ya kaifafa dabara. Ba ya iya gina cinya ko ƙarfafa gwiwa, wannan aikin wata shida ne da suka gabata. A ganina babbar ɓarnar da ake yi wa ɗan wasa ita ce a tara masa wahalar da bai saba ba a makon ƙarshe. Daidai shi ne a rage yawan aikin da kusan rabi a kwana bakwai zuwa goma na ƙarshe, a bar tsananinsa yadda yake, don gajiya ta sauka ƙarfi ya bayyana.

Zafi a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. A Afrilu da Mayu Yamai da Tawa suna haura digiri 40. Jiki yana sabawa da aiki cikin zafi a kwana 7 zuwa 14: zufa tana fitowa da wuri, tana yawa, gishirin cikinta yana raguwa. Zama cikin gari mai zafi bai wadatar ba, sai an yi aikin a ciki, ana farawa da gajeren zama. Mai gudu yana zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma asarar kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, ta isa ta rage juriya. A hau sikeli kafin atisaye da bayansa, kowane kilo da ya tafi a mayar da lita ɗaya da rabi cikin awoyin da ke biye, tare da abinci mai gishiri. Wanda ya rikice, ko yake tangaɗi, ko ya faɗi cikin rana, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa mai sanyi nan take, ana fifita, kafin ma a nemi abin hawa zuwa asibiti. Fitsari mai duhu kamar shayi bayan atisaye mai tsanani, tare da kumburin tsoka, alama ce tsoka ta narke tana toshe ƙoda, kuma ba a kwana da shi a gida. Mai ɗauke da rabin gadon amosanin jini yana iya wasa, amma gudu mai tsanani ba hutu cikin zafi da ƙishirwa yana da haɗari a gare shi, don haka ya kamata kowane ɗan wasa ya san gwajin jininsa. Bayan zazzaɓin cizon sauro kuma jajayen ƙwayoyin jini sun ragu, suna bukatar makonni su dawo. Hakin da ke biyo baya ba ragwanci ba ne.

Abinci ba sai na gwangwani ba. Mai ɗaga nauyi yana bukatar furotin kusan giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa a yini, wato giram 112 ga mai kilo 70, a raba shi ci uku ko huɗu. Busasshen wake giram 100 yana da kusan giram 23, gujiya kusan 25, ƙwai ɗaya 6, nono lita ɗaya sama da 30. Ga ƙuli-ƙuli, awara, cuku, fara, kifi da kilishi. Hatsi shi ma yana da nasa, kusan giram 11 a kowane giram 100, kuma in ya haɗu da wake ko nono suna cike wa juna gurbi, don haka fura da nono bayan atisaye abinci ne na ƙwarai. Tuwo da shinkafa su ke mayar da sukarin tsoka, aikin da ke ɗaukar kusan yini guda. Barci awa bakwai zuwa tara.

Ƙwayoyin da ake saye a bakin hanya suna rushe abin da atisaye ya gina. Tramol ba ya ƙara ƙarfi, ciwo yake ɓoyewa, sai mutum ya ci gaba da taka ƙashin da ya fara tsagewa, ga farfaɗiya da jarabar shansa da yake jawowa. Deksa da ake sha don a yi ƙiba ruwa da kitse take tarawa a fuska da ciki, tana cinye tsokar cinya, tana raunana ƙashi, tana tayar da suga. Allurar ƙara tsoka tana sa tsoka ta wuce agara girma da ƙarfi, ta dakatar da aikin maraina, ta lalata zuciya. Ko maganin ciwon jiki irin diklofenak, in an sha shi cikin ƙishirwa, ƙoda ce ke biya.

Abin da ya zo da sauri shi ke tafiya da sauri. In an daina atisaye, ruwan jini yana komawa cikin kwanaki, juriya tana raguwa a fili cikin mako biyu zuwa uku. Ƙarfi ya fi daɗewa, kuma zama ɗaya a mako da nauyin da aka saba ya isa ya riƙe shi na makonni da dama. Wannan ne ya kamata a yi da azumi: a rage yawa, a riƙe nauyi, a yi aikin mai tsanani bayan an sha ruwa da awa ɗaya ko biyu, a bar neman ƙari sai bayan salla. Don gane ko jiki yana karɓar aikin, a ƙirga bugun zuciya na minti guda kowace safiya kafin a tashi daga shimfiɗa. In ya haura abin da aka saba da bugu bakwai zuwa goma kwana uku a jere, barci ya lalace, nauyin da aka saba ya yi nauyi, a huta kwana biyu. In akwai zazzaɓi, a je a yi gwaji kafin a koma fili.